Wata biyar da rasuwar matata, ana matsa mini in yi aure

Baban Ummi, Funtuwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina.

Matata ta rasu wata biyar da suka wuce, sankarar mama ce ajalinta. Shekararmu 16 da aure, 'ya'ya huɗu, babbar Ummi tana da 14, autan bai cika huɗu ba. Wajen yaye shi ta ji ƙullutu a nonon hagu, ba ya ciwo, muka ce ruwan nono ne ya kwanta. Da ya ƙi bajewa sai manya suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, kada a bari likita ya taɓa. Na biye musu. Wata bakwai muna jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har wurin ya fashe. Da muka je asibitin Shika da ke Zariya aka ɗebi tsoka aka gwada, aka yi hoto, likitar ta ce ya riga ya kai ƙashin baya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi yaushe muka fara gani, na faɗa, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Har gobe ina ganin wannan sunkuyawar.

Duk mako uku muke kama hanyar Zariya a sa mata kemo, wato maganin sankara da ake ɗura wa mutum ta jijiya. Na sayar da fili, na sayar da babur. Gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, in Ummi na soya albasa sai an rufe mata ƙofa. Amma ko ranar da zama ke gagararta, sai ta jingina da filo ta sa a kawo mata yaran mata, ta yi kitso layi biyu ta huta, ta ɗora.

Tun ranar sadakar arba'in yayyena suka fara: namiji ba ya takaba, gida ba ya zama babu mace. Yanzu surukaina sun aiko, in ina so ga ƙanwarta. Na san don Allah suke yi. Amma ni ko sif ɗinta ban iya buɗewa. Ranar da na buɗe neman katin rigakafin auta, ƙamshin humrarta ya buge ni, sai ga ni zaune a ƙasa. Akwai saƙon murya da ta taɓa turo mini, in taho da daddawa da gawayi, daƙiƙa tara ne, kullum sai na saurara kafin in kwanta.

Don Allah, rashin tawakkali ne in ce a ba ni lokaci? Kuma wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya yi da tunanin "da na kai ta da wuri"?

Abu Safwan, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya raya abin da ta bari.

Ɗan'uwa, gaskiya ne namiji ba shi da idda, amma shari'a ba ta yanka masa ranar da dole ya sake aure ba. Kewa kuma ba ta kore tawakkali. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Bayan shekaru ma, in Annabi (SAW) ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Khadija nama. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da jayayya da hukuncin Allah.

Kalmar "da na yi kaza" kuwa, ita ce aka ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. In ta zo maka ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata, ka bi ta da addu'a.

Abu guda zan tunatar: kayan sif ɗin nan gado ne. Kana da rubu'i tunda akwai 'ya'ya, iyayenta kowanne na da sudusi, saura na yara. A ƙiyasta a rubuta, sannan abin da kake son ajiyewa ya shigo cikin rabonka.

Maman Sadik, Gombe

Baban Ummi, sannu da haƙuri. Maigidana ciwon dajin hanta ne ya tafi da shi, shekara shida ke nan. Mu mata takaba ta yi mana rana: wata huɗu da kwana goma ina ɗaki, mai zuwa na zuwa, in yi kukana ba mai cewa ya isa. Ku maza kwana uku an naɗe tabarmi, kowa ya ce ka koma aiki. To ina kukan zai tafi? Ka ɗauki lokacinka, ba ka yi laifi ba.

Sai dai zan faɗa maka abin da yayyenka suka hango. Ka ce Ummi ke soya albasa tun uwar na kwance. Yanzu wa ke girki, wa ke wa auta wanka? In ita ce, yarinyar nan ba ta samu ta yi kukan uwarta ba ita ma. Ba sai da aure ba, a samo gwaggo ko inna ta zauna da ku. Maganar ƙanwa kuma, a tambayi yarinyar ita kaɗai, ba a gaban iyayenta ba. Na ga inda aka yi haka aka zauna lafiya, na kuma ga inda har yau mijin yake kiranta da sunan marigayiya.

Nas Hadiza

Allah Ya gafarta mata. Ba zan ɓoye maka ba, sankarar mama in an kama ta da wuri ana samun waraka sosai. Amma abin da kuka yi, shi nake gani kusan kullum a wurin aiki. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ke yaudarar mutane, alhali yawanci haka take farawa. Kuma allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa cutar, jinkiri ne ke ba ta dama. Ka yi aiki da abin da ka sani a lokacin, da ka gane kuma ka sayar da abin hannunka.

Tunda ta same ta da ƙuruciya, 'yan'uwanta mata su je a duba su, har da ƙanwar da ake magana. Ummi ma in ta girma ta riƙa gaya wa likita abin da ya sami mahaifiyarta.

Baban Ummi, Funtuwa

Na gode, Allah Ya bar zumunci. Maman Sadik, maganarki ta hana ni barci. Da asuba na tarar da Ummi tana hura gawayi da kayan makaranta a jikinta, auta na rataye a bayanta. Na karɓi mafifici na ce ta je ta karya. Na kira yayata ta Malumfashi, za ta zo ranar Asabar ta zauna da mu zuwa hutu. Surukaina kuma zan je da kaina, in roƙe su su ba ni lokaci, in kuma gaya musu saƙon Nas.