Littafin kuɗi ko wasiƙa: wanne ya fi faɗin gaskiya kan ginin Jami'ar Virginia?

Akanta: Jama'a, ga wata magana, ku tauna. In ana neman tarihin tsohuwar jami'a, a ajiye wasiƙu a nufi littafin kuɗi. Mai wasiƙa yakan shafa wa kansa mai, littafin shige da fice kuwa ba ya ƙarya. Ga Jami'ar Virginia a Amurka: Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, ya bar wasiyya a rubuta a kan kabarinsa cewa shi ne ubanta. To a buɗe littattafan Arthur Brockenbrough, wanda ya kula da lissafin aiki da 'yan kwangila tun 1819. Me za a gani? Kafintoci irin su James Dinsmore da John Neilson, masu gasa bulo, masu dakon katako. Kuɗin ma na jama'a ne. Majalisar jiha ta yanka dala 15,000 a shekara daga asusun ilimi, ba su isa ba, aka ciyo bashin dala 60,000 har sau uku daga asusun.

Malamin tarihi: Alhaji, ka faɗi bashi, amma ba ka faɗi yadda aka samo shi ba. Littafinka cewa kawai zai yi kuɗi sun shigo ran kaza. Wa ya yi ta fama da 'yan majalisa a Richmond, babban birnin jihar? Joseph Cabell ne, ɗan majalisar dattawan jihar, kuma a wasiƙunsa da Jefferson ake ganin dabarar. Jefferson ya ƙi yarda a buɗe makaranta gini bai yi nisa ba, don ya san da zarar ɗalibai sun shiga majalisa za ta ce ai shi ke nan, ta ɗaure bakin jaka. An aza harsashi a Oktoban 1817, ba a fara karatu ba sai Maris 1825. Dalilin wannan jinkiri ba ya cikin lissafi.

Mai zanen gini: Bari in ƙara wa Malam gishiri. Wasiƙun da Alhaji ke zargi da yabon kai, su ne suka nuna Jefferson bai zana komai shi kaɗai ba. A 1817 ya rubuta wa masu zanen gini William Thornton da Benjamin Latrobe yana neman shawara. Latrobe ne ya kawo batun a kafa babban gini mai ƙubba a ƙuryar filin, wanda ya zama Rotunda, kwaikwayon Pantheon, tsohon haikalin birnin Rum, a rabin faɗinsa. Da ba a adana wasiƙar ba, da yau duk yabon na mutum ɗaya ne.

Akanta: Na ji, Injiniya. Amma wa ke nuna nauyin kuskure in ba lissafi ba? Jefferson ya sa an ɗauko masassaƙa dutse biyu daga Italiya a 1819, Michele da Giacomo Raggi, su sassaƙa kawunan ginshiƙai da dutsen Virginia. Dutsen ya ƙi. Ƙarshenta sai da aka yi odar marmara daga garin Carrara na Italiya ta hannun Thomas Appleton, ƙaramin jakadan Amurka a Livorno. Kuɗin jirgi, albashi, ciyarwa, duk sun tafi. A wasiƙa sai a kira shi ɗan cikas, a littafi kuwa adadi ne tsirara.

Ɗaliba: Baba Alhaji, ka yi mini afuwa, ni kalmar "ba ya ƙarya" ce ta tsaya mini a wuya. Su wa suka baje ƙasar filin nan, suka kwaɓa yumɓu, suka ɗauki bulo? Da yawansu bayi ne da jami'ar ke ɗauko haya daga iyayengijinsu, sau da yawa shekara guda cur. In aka zo biya, sunan ubangida ake rubutawa cikakke, shi ya karɓa, shi ya sa hannu. Wanda ya yi gumin kuwa, in ya yi sa'a a sa sunansa na fari kawai, in bai yi ba ya shige cikin jimlar "ma'aikata". Mai karanta littafin ido rufe zai ɗauka wanda aka biya shi ya yi aikin.

Akanta: 'Yata, littafin ya rubuta wanda ya karɓi kuɗi, kuma shi ɗin ne ya karɓa. Zaluncin na dokar zamanin ne, ba na alƙalami ba.

Ɗaliba: Alƙalamin ma ai hannu ne ke riƙe da shi, Baba. Masu bincike sun ƙiyasta kusan bayi 4,000 ne suka yi aiki a jami'ar tsakanin 1817 da 1865. Da aka gina musu wurin tunawa, wanda aka kammala a 2020, yawancin guraben da ke jikin dutsen zane ne kawai ba suna.

Malamin tarihi: Nan kam zan ɗan kare Alhaji, ko da yake ba mu saba ba. 'Yan sunayen da aka samu, da yawa daga rasit da littattafan nan aka tono su. Wasiƙun ma suna da nasu son kai: Jefferson na da na'ura mai alƙalami biyu, yana rubutu tana fitar masa da kwafi, shi ya sa muryarsa ta danne ta kowa a ma'adana. Mai kwaɓa yumɓu bai bar ko layi ɗaya ba.

Akanta: To kun gani, ko sunan da kuke kuka a kai, littafina ne ya ajiye.

Ɗaliba: Ya ajiye Lewis Commodore ma, wanda jami'ar da kanta ta saya a 1832 don ya riƙa buga ƙararrawa. Baba, kai ne akanta: a wane gurbi ake shigar da irin wannan, albashi ko kadara?

Akanta: Kadara. Na janye "ba ya ƙarya". Amma har gobe shi zan fara buɗewa.