Shawarwarin manoma ga mai son noman rani a Kura

Manoma sun tattauna kan masu zuwa Kura, kudu da birnin Kano, neman gonar haya, ga kuma abin da aka fi nanatawa. Tsofaffi suka ce a fara sanin garin: kafin shinkafa, da rini aka san Kura, turkuɗinta har ƙasar Buzaye yake kaiwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Baƙo, ita ta kawo ruwan da ya sauya Kura da Bunkure da Garun Malam.

Maganar ruwa ce ta fi cin lokaci. Kada ka biya kuɗin haya sai ka bi magudanar da ƙafarka, domin gonar da ke can wutsiyar magudanar ruwa kan makara mata, balle in ciyawar kachala ta toshe hanya. Mai wannan gona sai ya tanadi injin ban ruwa, man fetur kuwa ya cinye ribar.

A kan tumatir an yi saɓani. Wasu na ganin a dasa da wuri, kafin kaya su cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan farashi ya faɗi. Waɗanda tsutsar tumatir ta ƙona a 2016 suka ce a raba gona, a haɗa da albasa ko alkama, kuma ni ma can na karkata.