Neman shawara: za mu yi fim a kan tsofaffin Zangon Kumasi, gwajin farko ya lalace

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu matasa huɗu ne, muna son fim na minti 20 a kan rayuwar dattawanmu kafin ƙasa ta rufe idonsu: wani tsohon ɗan kasuwar goro, wata Hajiya da ta daɗe tana sayar da koko da ƙosai, da wani tsohon direba. Kayan aikinmu wayoyi biyu ne da fitila ɗaya. Mun gwada da Alhajin goro ranar Asabar bayan la'asar. Hoto ya yi kyau, amma muryarsa ta nutse a ƙarar fanka da pragya (keken haya mai ƙafa uku), amsarsa ba ta wuce "to, haka ne", kuma kafin minti 15 ya ce fitila na damun idonsa. Yanzu abokan aikina sun ce mu haƙura, mu shafa wa yaranmu hoda a gemu su fito a matsayin tsofaffi. Ina mafita?

Mai Sauti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fim ɗin tsoho muryarsa ce. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma da ya kasa jin magana sai ya wuce.

Muryar dattijo ba ta da ƙarfi, wayarku kuma na nesa da shi kamar mita biyu, don haka abin da ya fi ƙara a ɗakin shi ta kwasa. Ku sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, mai igiya. Ku jona shi da waya ta biyu, ku sa ta a aljihun Alhaji, ta farko ta ji da hoto kawai. A maƙala shi tazarar ɗani ɗaya ƙasa da haɓa. Ku ɗauka a WAV (tsarin sautin da ba a matse ba), 48kHz, allurar sauti tana kaiwa wajen -12, kada ta taɓa ja. Awa ɗaya ba za ta ci fiye da rabin giga da 'yan kai ba. A farkon kowace ɗauka mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za a haɗa hoto da murya.

Abubuwan da ke ɓata aiki a gidajenmu: shadda mai sitati tana ƙaraf-ƙaraf a kan makirufo, ku roƙe shi ya sa riga mai laushi. Carbi yana ƙas-ƙas, amma kada ku raba shi da shi, ku dai nisanta makirufo. A kashe fanka da firij, a tuna a kunna firij ɗin kafin a tafi. In ruwa ya sauko a kan kwano, ku naɗe kayanku. Kafin ku tashi kowa ya yi tsit na minti ɗaya ku ɗauki shirun ɗakin, mai tacewa zai cike gurbi da shi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ɗana, lokacin da kuka zaɓa shi ne kuskuren farko. Bayan la'asar tsoho ya gaji, hankalinsa na kan magariba, wanda kuma gigin tsufa ya fara taɓawa ya fi rikicewa da yamma. Ku je tsakanin 9 da 11 na safe, bayan ya karya ya sha maganinsa. Ban da Juma'a. Zama ɗaya kada ya wuce minti 30 zuwa 40. Gara ku je sau huɗu da ku tatse shi rana ɗaya.

Batun fitila ba raki ba ne. Masu shekaru da yawa suna da yanar ido, haske mai ƙarfi yana watsuwa a cikin idon ya dame su. In kuma bai ji tambaya ba kada ku ɗaga murya. Siririyar murya ce ke fara ɓace wa kunnen tsoho, don haka ku kauraro murya, ku yi a hankali, yana ganin bakinku, ta gefen kunnen da ya fi ji. Ku ajiye ruwa kusa da shi. In yana da ciwon suga kada hira ta ci lokacin abincinsa.

Malamin Fim:
Hoda a gemu? A'a. Yaro in an ce ya yi tsoho sai ya ranƙwafa kamar baka, yana kakkarwa, yana tari, mutane su yi ta dariya. Tsufa ba a nan yake ba. Yana cikin yadda mutum ke dafa gwiwa kafin ya miƙe, da yadda ƙafarsa ke laluben takalmi. Ba a koyon wannan a mako ɗaya, ga kuma masu abin a gidajenku.

Kashe fitilar. Zaunar da Alhaji kusa da taga ko ƙofar zaure, haske na zuwa masa daga gefe, a riƙe farin kwali ta ɗaya ɓangaren ya mayar da haske kan kumatu. Kada taga ta kasance bayansa, fuskar za ta yi baƙi ƙirin. Wutar Ghana 50Hz ce, saboda haka ku ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, shota (saurin buɗewar idon kyamara) 1/50, in ba haka ba kwan lantarki zai riƙa ƙyaftawa a hoton. 1080 ya ishe ku, awa ɗaya wajen giga 8. 4K zafi zai sa wayar ta yi ta tsaya ana tsakiyar labari. Ku sa ta a yanayin jirgi.

Sannan tsayin kyamara. In Hajiya na kan tabarma, kyamara ta sauko daidai idonta. Ɗauka daga sama na mayar da babba abin tausayi. Ku nemi Tokyo Story na Yasujiro Ozu, 1953, labarin tsofaffin da suka je ganin 'ya'yansu a birni suka tarar kowa na ta kansa. Kyamararsa kusan a ƙasa take, da wuya ta motsa. Na kusa da gida kuma Yaaba na Idrissa Ouédraogo, Burkina Faso, 1989: tsohuwar da gari ke kira mayya, yaro ya riƙe ta kaka. Ku kirga daƙiƙoƙin da yake barin fuskarta ba magana.

Yayar Asawase:
Malam ya gama da kyamara, ni bakin Alhaji zan buɗe muku. "To, haka ne" amsar wanda jikoki suka titsiye ne. A al'adarmu babba ba ya zazzage cikinsa gaban yaro, balle yara huɗu. Ku samo tsaransa, abokin hirarsa na ƙofar masallaci, ku zaunar da su tare, ku ku koma bayan kyamara. Wajen Hajiya mace ce za ta yi tambaya, maza su rage a ɗakin.

Kuma "Baba, ba mu tarihinka" ba tambaya ba ce. Ku sa masa abu a hannu. Ku kawo goro da ganyensa ku ce ya nuna yadda ake shirya huhu, ya bambance muku fari da ja, daushe da sabo. Hannu na aiki baki zai buɗe. Ku tambayi abu ƙarami: nawa ne kuɗin mota zuwa Tamale a lokacin, wa ya fara ba shi jari, ina yake ranar da aka ba baƙi mako biyu su bar ƙasa a zamanin Firaminista Busia, 1969. Wannan ta ƙarshen ku ajiye ta sai zama na uku, don akwai gidajen da ta raba har yau. In ya yi shiru kada ku cike masa. Ku kirga goma a zuci.

Ranar farko ku je gaisuwa kawai, ba kyamara, da goro da ɗan abin sabulu. Ku sanar da babban ɗansa da mai unguwa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙari a kan maganar Yaya. Yardar 'ya'ya ba ta maye gurbin tasa. Ku faɗa masa da Hausa inda fim zai je, har Facebook da TikTok, ku ɗauki amsarsa a kyamara. Wanda ya fara mantuwa, yana kiran matattu kamar suna raye, kada ku sa wannan. Kun san abin da kalmar mayya ke jawo wa tsohuwa a ƙasar nan, ga sansanin Gambaga, inda matan da aka zarga da maita ke fakewa, shaida. Yankin minti ɗaya da wani zai yanke ya yaɗa ya isa.

Mai Tacewa:
Na yarda da kowa, sai dai mutum uku a minti 20 sun yi yawa ga masu farawa. Ku gama Alhaji shi kaɗai a minti 8 zuwa 10, ku ga inda kuka yi tuntuɓe. Bayan hira ku ɗauki hotunan cike gurbi, kowanne aƙalla daƙiƙa 10 ba girgiza: hannunsa, butarsa, tafiyarsa zuwa masallaci, tsofaffin hotuna, layin masu goro. Da su ake rufe wurin yanka. Kowace rana ku kwafe aikin wuri biyu kafin ku kwanta. Fassarar Turanci a ƙasa kada ta wuce layi biyu, harafi 40 ko kusa a kowane layi, in Alhaji ya juya zuwa harshen Twi kada ku yanke, haka Zango ke magana. Kiɗan tausayi kuma kada ku sa shi. Ku nuna masa fim ɗin a ɗakinsa kafin kowa. In za ku haska wa jama'a da majigi, dokar fim ta 2016 ta ce sai hukumar fina-finai ta Ghana, National Film Authority, ta duba ta ba shi ajin masu kallo, ku tuntuɓe su da wuri.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Mun ajiye hoda. Tambaya ɗaya ta rage: Alhaji ba ya zama sai rediyonsa na kunne. Mu ce ya kashe?

Mai Sauti:
Ku fara ɗaukarsa yana murɗa ta yana neman tasha, minti biyu, zai yi kyau a buɗe fim da shi. Sannan abokin hirarsa ne zai ce "Alhaji, rage mana ita", ba ku ba. In an bar ta tana yi a ƙarƙashin hira, duk inda aka yanka za a ji maganar rediyon ta yi tsalle.