Musayar waƙa: Wey, bakaniken da ya shugabanci sojin ruwa

Baban Hafsa, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jikata ce ke buga wannan, ni ina faɗa, don idona ya daina shiri da ƙananan baƙaƙen waya. An ce wannan makon kowa ya kawo wanda ya yi wa ƙasa aiki aka daina ambatonsa. Nawa shi ne Joseph Edet Akinwale Wey, haifaffen 1918, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe rundunar sojin ruwa, a 1964. Dalilina ɗaya ne: injiniyan jirgi ne, ni ma a ɗakin inji na ƙare ƙuruciyata. Amsa-amona "wa", mai amsawa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai teku, Mai iska mai kaɗawa.
Shi ke riƙe ƙarfe a bisa ruwa,
Nauyin tan dubu, ba ya nutsewa.

Wey nake nufi, ɗan Kalaba,
Uba Bayarabe, Efik ce uwa.
Bai faro da tauraro a kafaɗa ba,
Da sifana ya fara, yana koyowa.

Ma'aikatar Marin ta zamanin Turawa,
Can ya shiga, saurayi mai tasowa.
Shekaru yana ƙasa, gefen tukunya,
Inda gumi ba ya yankewa.

A 1956 aka kafa sojin ruwa,
Ya koma can da iliminsa na gyarawa.
Shekara takwas, sai ga shi a sama,
Bature na sauka, ɗan ƙasa na hawa.

Ɗan Kurmi, Kano

Baba, a yi min afuwa, zan ɗan tsokana.

Baba na gaishe ka, na durƙusa,
Sai dai waƙar nan ta yi mana nisa.
Mu a Kano babban ruwanmu Tiga,
Sai na 'yan garuwa, jarka a ƙasa.
Me ya haɗa kifi da kaska,
Da za mu zauna rera waƙarsa?
Kuma bakanike ai bakanike ne,
Ko a tsakiyar teku yake aikinsa.
Direba ake yi wa kirari a tasha,
Wa ya taɓa jin an wasa mai gyaransa?

Malamin Baro

Barka da ƙoƙari, Baban Hafsa. Bar ni da yaron nan tukuna, rabin tambayarsa tawa ce.

Ɗan Kurmi, ɗana, zo ka saurara,
Kano ta sha teku ta hanyar Kwara.
Dogon da ya iso muku a 1911,
Daga Baro, bakin kogi, ya fara.
Ƙarafunsa a jirgin ruwa suka hauro,
Suka wuce Lakwaja, a nan aka tara.
'Yan Marin ke kula da hanyar kogin,
In ta toshe su share, in ta ɓaci su gyara.
Binuwai kuwa sai damina ta cika ta,
Jirgi ya kai Yola, in ta janye a jira.
To gidan da ya reni Wey ke nan,
Kifi da kaska sun haɗu, sake dabara.

Maganar bakanike kuwa na bar wa mai ita.

Baban Hafsa, Kaduna

Na gode Malam. Ɗan Kurmi, cire takalmin gayu ka biyo ni.

Ka ce bakanike, na karɓa, na ji,
Sauko mu je in nuna maka ɗakin inji.
Tsanin ƙarfe ne, riƙe shi da tsumma,
Zafin da ke ƙasa ya fi na yaji.
Babu taga, ba rana, ba farin wata,
Bututu ya nannaɗe ko'ina kamar maciji.
Magana ba ta yiwuwa sai da hannu,
Ka yi ihu a kunnen ɗan'uwa, ba ya ji.
Awa huɗu kake tsaye, ba zama,
Ido na kan allura, hannu na gwaji.
Ka ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfe,
Ka kafa kunne a ƙotarta ka ji:
In bugun ya sauya ko da ƙiris ne,
Ka san ciwo ya kama cikin inji.
Ruwan gishiri ba ya barci,
Yana cin ƙarfe kamar gara a daji.
Wanda ke taruwa a gindin jirgi,
In famfo ya ƙi, ba ya barin kyaftin ko alhaji.
Na sama shi ke ganin gari da tuta,
Shi ake ɗauka hoto, shi ne magaji.
Amma ya buga ƙararrawa a ƙara wuta,
Sai mu na ƙasa mun amsa jirgi ke ji.

Na shiga aiki a 1971, Wey yana shugaba, na yi zamana a NNS Nigeria, jirgin da aka ƙera a Holan aka kawo a 1965, wanda daga baya aka sauya wa suna Obuma. Sau ɗaya na ga mutumin, daga nesa, a fareti a Apapa. Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, kada wani ya ce na ce abokina ne. Amma mu 'yan inji kanmu a sama yake a lokacin. A al'adar sojin ruwa, hafsoshin da ke tuƙi da ba da umarni a saman jirgi su ke kaiwa wannan kujera, mu kuwa ga namu a kai, wanda ya san warin baƙin mai. A 1973 ya miƙa wa Nelson Soroh, ya koma hedikwatar ƙoli ta mulkin soja, na biyu ga Gowon.

Malama Hadiza, Zariya

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tarihi nake koyarwa, shi ya sa na kasa yin shiru kan rawar da Wey ya taka a yaƙin basasa na Biyafara.

Baba, ba don in ɓata biki,
Amma waƙar ta tsallake yaƙi.
Yana Aburi ta Gana a Janairun 1967,
Da aka zauna neman sulhu da sauƙi.
Sulhu ya rushe, jiragensa suka fita,
Suka tsare teku, suka rufe baki.
Bonny a Yuli, Kalaba a Oktoba,
Garin da aka binne cibiyarsa a ciki.
Busasshen kifi ba ya shiga, gishiri ya yanke,
Yara sun kumbura, ba nama a jiki.
Injin da kake yabo shi ya kai su gaɓar,
Shi ma yana da kaso a wannan aiki.
In za a auna mutum a ɗora duka a sikeli,
Har da tabon da ke jikin farin kaki.

Baban Hafsa, Kaduna

Da amsa-amonki zan amsa, don kin fi ni gaskiya a wannan gaɓar.

'Yata, kin faɗa, ba ni da baki,
Ban kawo sabulu ba don wanke kaki.
Na shiga bayan an ajiye bindiga,
Na tarar da waɗanda suka yi yaƙi.
In an ce musu Bonny sai su yi shiru,
Su ɗau tsumma su koma bakin aiki.
Abu ɗaya zan ƙara a sikelinki:
A 1966, ƙasa ta zama sakakken doki,
Ya girmi Gowon a shekaru da muƙami,
Kujera na gabansa, ba ya ɗoki.
Ya bi na ƙasa da shi shekara tara,
Har 1975, ranar juyin mulki.
Wani zai ce ba shi da bataliya ne a tudu,
Ni na ce ya saba riƙe jirgi daga ciki.

Malama Hadiza, Zariya

Na ɗora, Baba. Bai ɗage wancan ɓangaren ba, amma na ɗora. Ni ina cikin masu cewa rashin bataliya ne, sai dai ban taɓa tsayuwar awa huɗu a gindin jirgi ba, don haka ba zan yi maka gardama da ƙarfi ba.

Maman Sadiya, Ojo

Sallama gare ku. Shekaru muka yi a barikin sojin ruwa na Ojo, kullum ina wuce allon da aka rubuta NNS Wey, ban taɓa sanin sana'arsu ɗaya da maigidana ba, Allah ya jiƙansa. Ban iya waƙa ba, ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Ni ba ruwana da manyan suna,
Nawa injiniyan shi ne maigidana.
Wata uku yana teku, ba wasiƙa,
Ni da yara muna ƙirga kwana.
In ya dawo in jiƙa kayan aikinsa,
Kwana biyu a omo, giris na bin hannuna.
Baƙin ƙarƙashin farcensa bai taɓa fita ba,
Har ranar da ya cika, na gani da idona.
Kunnensa na hagu inji ya cinye,
Sai ta dama nake yi masa magana.
Gadon da ya bari, takardar fansho,
Da akwatin ƙarfe cike da sifana.

Malamin Baro

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya albarkaci bayansa. Wai ba ki iya waƙa ba. Duk cikinmu babu wanda ya kai baitin kunnen nan.

Ɗan Kurmi, Kano

Amin. Baba, na dawo kan amsa-amonka, alamar na miƙa wuya.

Baba na janye maganar tasha,
Ashe bakanike ma yana da mai wasawa.
Gobe in na tura babur ɗina gareji,
Zan gaida mai gyara har da rusunawa.
Hajiya, akwatin nan a sa masa kwaɗo,
'Yan gwangwan na yawo suna tambayawa.
Saura tambaya ɗaya, Baba, tsakani da Allah:
Ɗan tudu in ya hau teku, ba ya haraswa?

Baban Hafsa, Kaduna

Ja'iri. Wannan ba ta buƙatar baiti. Fitata ta farko daga Legas kwana uku na yi rungume da bokiti, ina ta salati, ina cewa wa ya aike ni. Wani babbanmu a ɗakin inji, mutumin Warri, ya miƙo min busasshen biskit da guntun citta, ya nuna min allurar mai da yatsa, ya yi tafiyarsa. A rana ta huɗu na ci tuwo.

Hajiya, in akwai sifana lamba goma sha uku a akwatin, a duba ko bakinta ya cinye, ita ce ke fara gajiya. Jikata ta ce cajinta ya kusa ƙarewa, sauran baitocin sai bayan la'asar.