A saka kula da muhalli a fom ɗin auna ƙwazon ma'aikaci?

Uwar Ofis:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da sashen kula da ma'aikata a wani kamfani, kuma shugabanninmu na neman shaidar ISO 14001, wato takardar shaida ta duniya da ke nuna kamfani na da tsarin kula da muhalli. Ƙa'idarta ta ce sai an horar da ma'aikata, sun kuma san manufar kamfani kan muhalli. Mun yi bita, mun manna sanarwa a kowane bango. Amma bayan an tashi, sai ka tarar da na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci a ofishin da ba kowa, takardu kuma sun taru a bakin firinta ba mai ɗauka. Yanzu an ce in saka kula da muhalli a fom ɗin ƙarshen shekara, wanda da shi ake ƙarin girma. Anya wannan zai yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin fom, a gyara abin da na'ura za ta iya gyarawa. A saita firinta ta riƙa bugawa gaba da baya, kada kuma ta saki takarda sai mutum ya zo ya sa katinsa. A sa wa fitilu abin da ke kashe su idan ɗaki ya zama ba kowa. Yawancin mutane ba ƙin muhalli suke ba, sauri suke su tafi gida.

Tsohon Akawu:
Hajiya, ki saka, amma ki fara daga sama. Ma'aikaci ba ya karanta bango, shugabansa yake karantawa. In manaja ya bar ofis a kunne ya fita, me masinja zai yi? Tun 2012 Microsoft ke cajin sassanta kuɗi a kan hayaƙin da aikinsu ke jawowa, don shugaban sashe ya ji abin a kasafinsa. Apple ma a 2021 ta ce ladan ƙarshen shekara na manyan jami'anta zai iya hawa ko sauka da kashi 10 cikin ɗari gwargwadon yadda suka yi a kan muhalli da makamantansa. Kuma sashe za ki auna, da mitar wuta da yawan takardar da ya karɓa daga sito. In kika bar wa shugaba ya ba kowa maki da ka, fom ɗin zai koma sandar dukan wanda ba a shiri da shi.

Injiniya:
Gaskiya ne, Baba. Sai dai ni na fi son lada a kan hukunci. Kamfanin 3M ya fara wani shiri a 1975 inda ma'aikata da kansu ke kawo dabarar rage shara da gurɓata, a kuma karrama su. Mai tsaye a gaban inji ya fi kowa sanin inda ake ɓarna.

Uwar Ofis:
Na gode ƙwarai. Matsalar ita ce mita ɗaya ce a ginin gaba ɗaya. Injiniya, ana iya sa wa kowane hawa tasa ba tare da an sake jan waya ba?