"Mata in ba ku ba gida, in kun yi yawa gida ya ɓaci": yabo ne ko zagi?

Maman Sadiq: Salam jama'a. Jiya a gidan suna a Agege nan Legas mata mun cika tsakar gida ana hayaniyar rabon shinkafa, sai wani dattijo ya leƙo ya ce "mata in ba ku ba gida, in kun yi yawa gida ya ɓaci", kowa ya kwashe da dariya har da mu, amma ni tun da na hau motar haya ta danfo maganar ke min yawo a rai. Rabin farko an ɗaga mu sama, rabi na biyu an tika mu da ƙasa, kuma baki ɗaya ne ya faɗi duka. To yabo ne ko zagi?

Baban Ummi: Hajiya ai tsohuwar magana ce, kishiyoyi ake nufi, gidan da mata uku huɗu suke dole a ji ƙarar kwanuka. Ki dubi farkon dai, an ce in ba ku ba gida, wane girmamawa ya wuce wannan? Mu a gidanmu ko kayan cefane ba a barin mace ta ɗauka daga bakin titi.

Malam na Idi-Araba: Yaya Baban Ummi na yarda asalinta kan kishi ne, amma yanzu ko a ofis aka ga mata uku tsaye sai a jefo ta. Kuma masana halayyar ɗan Adam sun yi aiki a kan irin wannan magana mai fuska biyu. Peter Glick da Susan Fiske a Amurka, a 1996, suka ce rainin mata kala biyu ne. Akwai mai zafi, na wanda ke cewa mata makirai ne, so suke su juya namiji su mallake shi. Akwai mai sanyi, na wanda ke cewa mace ƙwai ce, tsarkakakkiya mai rauni, a lallaɓa ta a kare ta, namiji bai cika ba sai da ita. Suka tsara jimloli 22, 11 na kowane ɓangare, mutum ya faɗi iya yardarsa da kowace. Abin da ya fito shi ne su biyun tare suke tafiya, mai riƙe da ɗaya yawanci yana riƙe da ɗayan. Mai sanyin ladan wadda ta zauna inda aka ajiye ta ne, mai zafin bulalar wadda ta motsa. Karin maganar nan taki Hajiya, duka biyun ta haɗa a numfashi ɗaya.

Baban Ummi: To Malam yanzu in na tashi na ba mace kujera a bas ɗin BRT laifi na yi? Wannan bincike na Turawa ne, mu da su ba ɗaya ba.

Malam na Idi-Araba: A'a ba laifi, ka ba ta, ka ba tsoho ma. Matsalar sai in kyautatawar ta zo da hukuncin cewa ba za ta iya ba. Kuma har da mu a ciki, a 2000 sun faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 19, mutum sama da 15,000, da Najeriya. A Najeriya da Afirka ta Kudu da Botswana da Kuba, mata sun fi maza ma yarda da mai sanyin. Yadda suka fassara shi, inda zafin maza ya yi yawa mace kan rungumi alkawarin kariya don ta samu mafaka.

Ƴar Mile 12: Wallahi Malam kamar da ni kake. Shekara huɗu ina sarin tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, kullum na zo da asuba lokacin da motocin Arewa ke sauke kaya sai dillalai su tare ni, Hajiya ina za ki cikin wannan caɓi, zauna ga benci, ga shayi, mu kawo miki, ke uwa ce ba ki dace da turereniya ba. Ni kuma ina jin daɗi har ina musu addu'a. Ranar da na ɗaure zani na sa takalmin roba na shiga har gindin mota na yi ciniki da kaina, nan na ga kuɗin da ake ɗora min a kan kowane kwando ban da la'adarsu, kuma wanda ya fara lalacewa a ƙasa ake turo min. Washegari mutumin da ke ce min uwa shi ne ya ce wannan matar idonta ya buɗe da yawa, mata in sun shigo harka sai ta ɓaci. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Anti Balaraba: Ni dai kar a sa mu ƙi mazajen da ke tausaya mana tsakani da Allah. Mijina in ya ce kar in bi Apapa da dare saboda tireloli da ƴan ƙwace, gaskiya ya faɗa, shi ma ba ya bi.

Malam na Idi-Araba: Anti kin faɗi ma'aunin da bakinki, shi ma ba ya bi. Wani gwaji da aka yi a Beljiyam a 2007, wani masani mai suna Dardenne da abokan aikinsa suka shirya kamar ana ɗaukar mata aiki, wasu aka yi musu magana mai gatsali, wasu aka ce kar su damu maza za su taimaka musu, sannan aka ba su jarrabawa. Waɗanda aka lallaɓa su suka fi yin ƙasa. Mai gatsali kin san abokin gaba ne sai ki zage damtse, mai lallashi kuwa shakkar kanki yake sa miki, kina aiki kina tambayar zuciyarki anya zan iya.

Baban Ummi: Hmm. Ummi ta ce injiniyan lantarki take so ta karanta, na ce ta nemi koyarwa ya fi mata sauƙi. Ban taɓa tambayarta ko sauƙin take nema ba.

Maman Sadiq: Ka tambaye ta yau Alhaji, kafin a rufe cike JAMB. Ƴar Mile 12, ranar Asabar ina zuwa sari, ki jira ni a bakin gada mu shiga tare, wane irin takalmi zan saya?