Daga Django 3.2 zuwa 5.2: tsalle ɗaya ko a yada zango?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata manhajar makaranta da ke kan Django 3.2 (tsarin gina manhajojin yanar gizo da yaren Python) da Python 3.8, ga shi an daina fitar wa 3.2 gyaran tsaro tun Afrilun 2024. Ana so a kai ta 5.2. A wuce kai tsaye, ko sai an tsaya a 4.2?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tsaya a 4.2. Masu Django ba sa cire abu haka kawai, sai sun fara gargaɗi a kansa a sigogin baya, in ka tsallake kuwa ba za ka ga gargaɗin ba, sai dai ka ga manhaja ta ƙi tashi. Ka fara hawa sigar ƙarshe ta 3.2, ka gudanar da `python -Wa manage.py test`, ka gyara duk abin da ya yi ƙorafi a kai. Galibi `url()` ne da `ugettext`, waɗanda aka cire a 4.0. Sannan ka hau 4.2. A nan za ka ɗaga Python zuwa 3.10 ko sama, don 5.2 ba ya aiki da ƙasa da haka. Kada ka canza Python da Django rana ɗaya. In abu ya lalace ba za ka san na wa ba ne.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma akwai waɗanda gwaji bai cika kamawa ba. Tun daga 4.0 `CSRF_TRUSTED_ORIGINS` sai an rubuta masa `https://` a gaba, in ba haka ba fom zai riƙa dawo da kuskuren 403 (an hana izini). A 5.0 an hana fita daga asusu ta GET, to maɓallin fita sai ya zama fom mai POST. Mafi sharri `DEFAULT_FILE_STORAGE` ne: an cire shi a 5.1, kuma ba zai yi maka kuka ba. Hotunan ɗalibai da ya kamata su tafi S3 (ma'ajiyar fayiloli ta Amazon) sai su taru a kan sabar. Ka mayar da shi cikin `STORAGES` tun kana 4.2.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, duba rumbun bayanai kafin komai. 5.2 na buƙatar PostgreSQL 14 ko sama, kuma ɗaga rumbun ya fi ɗaga Django cin lokaci. Zangon 4.2 ma kada ya yi tsawo, wa'adinsa Afrilun 2026 ne. A `requirements.txt` ka rubuta `Django>=5.2,<5.3` don gyaran tsaro ya riƙa shigowa ba tare da an ja ka zuwa 6.0 ba.